Abin da ya kamata ku sani game da shirya wa baƙi wajen cin abinci a kowane yanayi

A gidaje da yawa, da zarar an ce za a yi baƙi, hankalin kowa kan tukunya yake komawa. Tun jajibiri ake cefane, a jiƙa shinkafar waina, a fige kaji, a raba dare ana suya. Sai an ji sallama a ƙofar gida ake tuna inda za a ajiye abincin. Nan za a jawo leda a shimfiɗa a gurguje, a tura yaro maƙwabta aron cokula, a nemi murfin kula a rasa. Girkin da aka sha wahala a kansa sai ya isa gaban baƙo a hargitse.

Akwai kuma waɗanda hotunan Instagram da TikTok suka ɗauke wa hankali. Su kuma tebur ne za a cika da furannin roba da kyandir, a jera wa kowa faranti uku da cokula huɗu, har baƙo ya rasa inda zai sa hannu.

Duka biyun an bar baƙon a baya. Ƙawata wajen cin abinci hidima ce ake yi wa wanda ya tako ya zo, kuma abu biyu ne ke nuna yadda za a yi ta: wane ne baƙon, sannan wane lokaci ake ciki na shekara.

Baƙo ba ya tambaya

Bahaushe yana da kunya da kara a gidan mutane. Wanda ruwa ya ƙare masa ba zai ce a ƙaro ba. Wanda yaji ya yi wa nisa zai ci abincinsa lami, ya yi godiya, ya tafi. Suruki kuwa, idan ya ga babu wajen wanke hannu, cewa zai yi a ƙoshe yake. Ga kuma al'adar da har yau take da ƙarfi a gidajenmu: a kawo wa baƙo abinci, a ce masa bismillah, a ja masa ƙofa a ba shi wuri don ya sake. To idan mai gida ya fita, wa zai miƙo gishiri? Dole ne shirin da aka yi ya wadatar da shi ba tare da ya buɗe baki ba.

Alƙur'ani ya ba da labarin baƙin Annabi Ibrahim (AS) a cikin Suratuz Zariyat: yadda ya sulale wajen iyalinsa, ya zo da ɗan maraƙi mai ƙiba, ya kai shi har gabansu, sannan ya yi musu tayi. Malaman tafsiri sun ciro ladubban karɓar baƙi daga nan, kuma daga ciki akwai kusantar da abinci ga baƙo, kada a ajiye shi nesa a ce ya taso.

Saboda haka kafin baƙi su iso, ku zauna a daidai inda za su zauna, ku miƙa hannun dama. Ruwan sha yana kusa? Cokalin zuba miya fa? Yaji, gishiri, man shanu, abin goge hannu, kwanon zuba ƙashi, tsinken sakace, duk hannu yana kai musu? Duk adon da ya shiga tsakanin hannun baƙo da abinci, a ɗauke shi.

Tebur ko ƙasa?

Babu wanda ya fi wani daraja. An ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Manzon Allah (SAW) a kan shimfiɗa a ƙasa yake cin abinci, kuma malamai ba su hana tebur ba. Baƙon ne zai raba gardama. Dattijon da gwiwa ke damu zai fi jin daɗin kujera. 'Yan'uwa da suka zo su goma sha, shimfiɗar ƙasa ce za ta ɗauke su, kuma a nan hira ta fi daɗi.

Idan tebur ne, kowane mutum yana bukatar faɗin da ya kai santimita 60, wato kamu ɗaya da 'yan kai, don kada gwiwar hannu ta riƙa karo da ta maƙwabci. Mai babbar riga ma a ƙara masa. Tebur mai tsawon santimita 180 mutum 6 yake ɗauka a sake. Abin da za a sa a tsakiya don ado kada tsayinsa ya wuce santimita 30, don masu fuskantar juna su ga juna. Tsarin Turawa yana ajiye cokali mai yatsu a hagu, wuƙa a dama. Mu da dama muke ci, don haka cokali da cokali mai yatsu da kofi duk su zauna a dama.

Idan ƙasa ce, a fara da tabarma ko darduma, a ɗora ledar cin abinci mai kauri a kai. Kada faɗin ledar ya wuce yadda hannun wanda ke zaune zai kai tsakiya. Gara a yi ta doguwa siririya da a yi ta mai faɗi, mutum ya riƙa rarrafe kafin ya kai ga miya. A bar hanya ta bayan mazauna don mai hidima ya wuce, domin ba a tsallake abinci. Babba a ba shi jikin bango, nesa da ƙofa, a sa masa tum-tum ko matashin jingina.

Wanke hannu kuma a daina haɗa mutane a kwano ɗaya, na farko ya wanke a ruwa mai kyau, na ƙarshe a dauɗar kowa. A kawo buta da sabulu da roba, yaro ya riƙa zubawa, a fara daga babba. Sau biyu za a yi, kafin ci da bayan ci, kuma tawul ɗin na biyu ya zama daban.

Kayan adon suna cikin gidanku

Kafin a tafi kanti, a duba ɗaki. Faifai mai launi murfi ne, kuma matashi ne da ake ɗora kula ko tukunya mai zafi don kada leda ta narke. Baƙin akushi yana riƙe zafin tuwo, kuma farin tuwon shinkafa a cikinsa ya ishi ido kallo. Fura a cikin ƙwarya mai zane, da ludayi a gefe, an rufe da faifai, babu kofin gilashin da zai ƙwace mata kyau. Langa da samira da fanteka da iyaye suka yi jere da su, idan ba su fashe ba, a fito da su. Tiren tagulla irin na maƙeran Bida ya dace da dabino ko goro. Tukwanen ƙasa kuwa ba abin rainawa ba ne: Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, da ginin tukwane ta yi suna a duniya.

Wanda ke Kano zai sami faifai da ƙwarya da akushi da tabarmar kaba a Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Ƙyallen rini yana marinar Ƙofar Mata, yadi kuma yana Kantin Kwari. A sauran garuruwa, ranar kasuwar ƙauye ta wadatar. Ragowar atamfa yadi 2 da rabi, idan tela ya kalmashe bakinta, ta rufe teburin mutum 6.

Wajen launi, a tuna cewa abincinmu da kansa yana da launi: jar miya, farin tuwo, koren ganye, ruwan zoɓo. Launi biyu sun isa a ƙara a kai. Idan ƙyallen yana da zane mai yawa, farantai su zama farare. Idan farantan ne masu zane, ƙyallen ya zama mara zane.

Kowane kaya da sharaɗinsa. Sabuwar ƙwarya tana da ɗaci, sai an jiƙa ta an wanke sau da yawa kafin a zuba abin sha. Sabon rini yana zuba, a wanke shi tukuna don kada ya ɓata wa baƙo farar shadda. Kwanon da fentinsa ya ɓare ta ciki yana tsatsa, a bar shi ga ajiyar busassun kaya. Kada a zuba abu mai tsami kamar zoɓo ko ruwan tsamiya a kwanon tagulla, domin tsami yana cin ƙarfen ya shiga cikin abin sha. Ci da sha a kwanon zinariya ko azurfa kuwa hadisi ya hana.

Hunturu: ƙura da sanyi

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas tana ɗauko ƙura daga Sahara. Farantin da aka goge da hantsi, kafin azahar ana iya rubutu da yatsa a kansa. Saboda haka shimfiɗar hunturu a makare ake yin ta. A rufe tagogi, a goge farantai a kife su, kofuna ma a kife, sai baƙi sun zauna a buɗe. Ƙura ta fi tona asirin baƙin gilashi da ƙyalle mai duhu sosai, don haka ruwan ƙasa, ruwan goro da ja mai duhu-duhu sun fi rufa asiri, kuma suna sa ɗaki ya yi kamar da ɗumi.

Abinci yana saurin hucewa a wannan lokaci. Man shanu yana daskarewa, kitsen farfesu ya yi fari a saman kwano tun ba a kai rabi ba. Maganinsa shi ne a ɗauraye kuloli da kwanukan miya da ruwan zafi kafin a zuba, kuma a riƙa fito da abinci kaɗan-kaɗan. Ruwan wanke hannu ya zama mai ɗumi. Filas ɗin shayi mai citta da kanumfari, ko kunun gyaɗa, ko kunun tsamiya, ya fi lemon kwalba mai sanyi karɓuwa.

Adon tsakiya yana kasuwa da araha: lemon zaƙi, kanya, magarya, goriba, da rake da aka feƙe aka yanka gaɓa-gaɓa. A tara su a faifai ɗaya mai faɗi, kowane iri a gefensa. Lokacin ne kuma tumatir da tattasai da karas na noman rani ke cika kasuwa, don haka farantin yankakken kayan lambu ba zai ci kuɗi ba.

Abu biyu na bukatar hattara. Kada a shigo da kaskon gawayi ɗakin da aka rufe ƙofa da taga don baƙi su ji ɗumi. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, kuma tana kisa. Na biyu, a watannin rani ne zazzaɓin Lassa ya fi yaɗuwa a Najeriya, kuma ɓera ne ke ɗauke da shi. Kada a kwana da abinci a buɗe, kada a bar farantai a shimfiɗe tun dare.

Bazara: zafi ne mai gida

Daga Maris zuwa Mayu, zafi yana haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri, Kano, Maraɗi da Damagaram. A irin wannan yanayi, kyawun tebur yana bayan lafiyar abin da ke kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a ɗaki. Mai zafi a riƙe shi sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5, domin tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri. Hukumomin abinci na Amurka sun rage wa'adin zuwa awa 1 idan zafin wuri ya wuce digiri 32, wanda a bazararmu kusan kullum ne.

Wannan ya fi shafar kunun aya, fura da nono, da haɗin kabeji mai mayonis. Kunun aya da aka jera a tebur tun ƙarfe goma don ya yi kyau a hoto, kafin azahar ya fara tsami. A bar su a firji ko cikin ƙanƙara, sai an zauna a kawo. Ƙanƙarar da aka saya a waje, wadda ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, a jera kwalabe a cikinta cikin baho, kada a jefa ta cikin abin sha.

Inda wuta ba ta samuwa, randa da tulu suna nan. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunyar ƙasa yana bushewa ya tafi da zafi, shi ya sa na ciki ke sanyi. Da wannan hikima ce Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Dabarar ta fi aiki a busasshen zafi irin na bazara, kuma za ta riƙe muku kayan marmari da kwalaben zoɓo da sanyinsu har baƙi su zo. Ƙaramin tulu mai tsafta a kusurwar shimfiɗa, da moɗa a kan murfinsa, ado ne kuma amfani ne.

Ƙyallen bazara ya zama fari ko mai haske, na auduga mara nauyi. Kofuna masu sanyi suna zufa, a sa musu ƙananan faifai a ƙasa. Mangwaro da kankana su ne adon lokacin, amma a jera su ɗungum, sai za a sha a yanka, don ƙuda ba ya jiran gayyata. Fanka ta fuskanci mutane, kada ta fuskanci abinci. Idan da dare ne kuma akwai tsakar gida, a share, a yayyafa ruwa tun la'asar don ƙasa ta huce, a yi shimfiɗar a waje.

Damina: ƙuda, danshi da ruwan sha

Daga Yuni zuwa Satumba, murfi shi ne sarkin kayan tebur. Kowane kwano da murfinsa, kowane tire da faifai ko ragar rufe abinci. Tabarmar kaba da faifai suna yin fumfuna idan suka sha danshi, don haka a shanya su a rana kwana ɗaya kafin zuwan baƙi, a shinshina a tabbatar babu warin ruma. A tanadi wajen ajiye takalma da tsumman goge ƙafa a bakin ƙofa. Wanda ya shirya a tsakar gida ya share ɗaki ya ajiye, domin hadari ba ya sallama.

Da dare, shinge da sauran ƙwari fitila suke bi. Idan fitilar tana saman abinci, cikin miya za su faɗo. A rataye ta gefe, nesa kaɗan, ta haska wurin ta kuma janye ƙwarin. Maganin sauro na fesawa a fesa shi tun kafin a shigo da faranti ko ɗaya, a bar ɗakin ya sha iska. Na ƙonawa kuma kada ya zauna kusa da abinci.

Damina ce lokacin da cutar amai da gudawa ta fi ɓarkewa, kuma ta gurɓataccen ruwa da abinci take shiga. Ruwan da za a dama kunu, a haɗa zoɓo, a wanke latas da tumatir, ya zama wanda aka tafasa ko aka tabbatar da tsaftarsa. Ta fuskar ado kuwa, damina ba ta rowa: kwaɗon zogale, rama, tafasa, gasasshiyar masara, dafaffiyar ɗanyar gyaɗa. A jera masarar a kan ɓawonta kore da aka wanke, a cikin tire. Shimfiɗar da ke da wannan ba ta bukatar furen roba.

Kaka: lokacin wadata

Oktoba da Nuwamba sun fi kowane lokaci sauƙi. Ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta sauko ba, amfanin gona ya shigo gida. Kabewa, dankali, gurjiya, ɗinya da sabuwar gyaɗa duk suna nan. Zangarniyar dawa ko gero guda uku a cikin tulu suna ƙawata ɗaki, amma a kusurwa za a ajiye su, nesa da abinci da fanka, saboda ƙaiƙayi. Ƙaramar kabewa a tsakiyar tebur ta yi ado yau, gobe ta shiga miyar taushe.

Azumi, Sallah da Kirsimeti

Shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kwana 10 ko 11, shi ya sa azumi da Sallah ke zagaya yanayi. A 2015 a watan Yuni aka ɗauki azumi, cikin damina. A 2025 ranar 1 ga Maris aka ɗauka, a bakin bazara, kuma a shekarun da ke biye cikin hunturu yake ƙara shiga. Don haka shirin da ya yi muku aiki shekara goma baya ba lallai ya yi yanzu ba. Mai azumin bazara ruwa da kankana yake nema, mai azumin hunturu kuwa kunu mai zafi.

Shimfiɗar buɗa baki hawa biyu ce. Hawan farko dabino, ruwa, kunu, ƙosai da 'ya'yan itace, a kammala jera su a rufe minti 10 kafin kiran salla, kowa da kofinsa a gabansa, don kada a ji kiran salla ana neman ludayi. Sai a tashi a yi magariba. A wannan tsakanin ne za a kwashe kofunan kunu, a goge leda, a kawo abinci mai nauyi da zafinsa. A tanadi butoci da wajen salla tun da wuri.

Ranar Sallah baƙi ba sa zuwa lokaci ɗaya. Wasu na fita wasu na shigowa, daga saukowa idi har dare, har washegari. Wanda ya juye komai a tebur da safe, baƙin la'asar saura za su tarar. A raba kayan gida biyu. Busassu, irin cincin, dubulan, alkaki, nakiya da dambun nama, su zauna a kwalabe ko kwanuka masu murfi, a riƙa ɗiba a ƙananan farantai. Waina, sinasir, funkaso da miya su zauna a kicin cikin kuloli, kowane rukuni a zubo masa sabo. Bayan kowane rukuni a goge leda, a sauya kofuna. Yara masu yawon Sallah a yi musu tasu shimfiɗar daban da kwanukan da ba sa fashewa. Da Babbar Sallah kuma maiƙo ne ke mulki: a ajiye farin ƙyalle, a shimfiɗa leda mai kauri, a ƙara kwanukan ƙashi, tsinken sakace, ruwan ɗumi da sabulu.

Kirsimeti kullum cikin hunturu take faɗowa, don haka duk abin da aka faɗa kan ƙura da hucewar abinci ya shafe ta. A garuruwa irin su Jos da Kaduna, inda maƙwabta ke kai wa juna abincin biki, wanda ya gayyaci wanda ba addininsu ɗaya ba ya faɗa masa abin da ke cikin kowane kwano tun kafin ya yi shakka. Haka ma masu lalura. A ware zoɓo ko kunu da ba a sa wa sukari ba saboda masu ciwon suga, a rage gishiri saboda masu hawan jini, a sa yaji a gefe saboda masu gyambon ciki.

Fure, ƙamshi da haske

Ba kowane fure ake kai wa kusa da abinci ba. Zaƙami yana da farin fure mai kyau, amma dukkan jikinsa guba ne. Ruwan tumfafiya yana illa ga ido. 'Ya'yan bini-da-zugu suna da daɗin gani, kuma yaro zai iya kai su baki. Duk tsiron da ke fitar da farin ruwa idan an karya shi, a bar shi a waje. Na'ana'a ko ɗoɗɗoya a cikin kofin ruwa sun fi aminci, ga ƙamshi, ga amfani a shayi.

Turaren wuta a sa shi tun kafin baƙi su iso, ya kama labule da kujeru, hayaƙin ya lafa. Idan abinci ya sauka, a bar ƙamshin daddawa da man shanu su yi aikinsu. Bayan an kwashe kwanuka an wanke hannu, sai a sake zagayawa da kasko. Kyandir kuwa, a wurin da ake da mayafi da hannun babbar riga da yara masu guje-guje, hatsarinsa ya fi kyansa. Fitila mai caji ta fi, kuma a cika ta da caji tun da rana. Janareto ya zauna a waje, nesa da taga.

Kada baƙunci ya zama bashi

Babu baƙon kirki da zai so a ci bashi saboda shi. Alƙur'ani, a aya ta 31 ta Suratul A'araf, ya halatta ci da sha ya kuma hana almubazzaranci. Kala biyu da aka gyara da kyau sun fi kala bakwai da rabinsu zai kwana a bola. Abin da ya rage a ƙulla wa baƙi su tafi da shi, ko a miƙa wa maƙwabta da almajirai tun yana da kyau, ba sai ya fara lalacewa ba.

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma matar da ta kwana a tsaye ita kaɗai da wuya ta sami fuskar da za ta shimfiɗa. Maigida, faɗi adadin baƙinka da lokacin zuwansu tun da wuri, kada ka ce mutum uku ka shigo da tara. Samarin gida su ɗauki shara, shimfiɗa, ɗaukar kuloli da zuba ruwan wanke hannu. 'Yanmata su koyi jera kaya tun suna gaban iyaye. Ku raba aikin, ku sayi abin da kasuwa ta kawo a lokacinsa, ku rufe abinci, ku sa komai inda hannun baƙo zai kai. Wanda ya yi wannan ya girmama baƙonsa, ko da tuwo da miyar kuka ya ajiye masa.